Amsa ga Yaron Gidan Burodi Kan Garin Matsattsen Inabi

Ɗana, ka tambaye ni ko gaskiya ne Turawa suna zuba ragowar inabin da aka matse a cikin burodi da biskit, kuma ko mu ma za mu iya yin haka a tandarmu. Gaskiya ne. A Sifaniya da Italiya da Faransa, inda ake matse inabi mai yawa domin yin giya, kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin inabin yakan rage a matsayin ɓawo da ƙwallaye da tsinkaye, kamar dai yadda tunkuza ke ragewa bayan an matse man gyada. A da, ana ba dabbobi ko a mayar da shi taki, har zuwa lokacin da masu bincike, musamman Fulgencio Saura-Calixto na birnin Madrid a shekarar 1998, suka jawo hankali ga cewa fiye da rabin busasshen ragowar nan faiba ce, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa amma yake taimakon hanji, kuma tana ɗauke da sinadaran folifenol masu kare ƙwayoyin jiki, waɗanda kuma suke jinkirta lalacewar man da ke cikin abinci.

Kafin ka yi zancen kwaɓi, ka san asalin abin da za ka saya. Jan inabin giya ana barinsa ya ruɓa tare da ɓawonsa kafin a matse, don haka ragowarsa tana fita da barasa, farin kuwa ana matse shi tun kafin ya fara tsami. A gidan nan ba za mu karɓi ko ɗaya daga masana'antar giya ba, sai wanda ya fito daga masu matse ruwan inabi na sha, domin amanar masu sayen burodinmu ta fi kowane gari tsada.

Aikin gaske yana wajen busarwa. Ragowar tana fitowa a jiƙe sharkaf, ga sukari, saboda haka idan ta kwana a buhu za ta yi tsami ta kama fumfuna, kuma wata fumfunar tana barin guba da zafin tanda ba ya kawarwa. Dole a shanya ta nan take, da zafin da bai wuce digiri 60 ba, domin wuta mai ƙarfi tana cinye sinadaran da ake nema. Daga nan a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi, in ba haka ba ƙwallayen za su riƙa yi wa mai ci garas-garas a haƙori.

Wajen haɗawa kuma kada zumuɗi ya ɗebe ka. Garin nan ba shi da danƙon fulawa, yana shan ruwa, ga bauri, don haka ka fara da kashi 5 cikin ɗari na nauyin fulawar, ka ƙara ruwa kaɗan a kwaɓin. Idan ka haura kashi 10, burodin zai ƙi tashi, ya yi duhu ya yi nauyi. Biskit da cincin sun fi jure masa, tunda ba sa dogara da kumburi.

Inabi dai yana da tsada a wajenmu, don haka ka fara gwaji da zoɓon da masu dafawa suke tacewa su zubar, wanda shi ma yake da faiba da jan sinadari irin na ɓawon inabi. Yana da tsami sosai, saboda haka ka gwada shi a ƙaramin kwaɓi tukuna, ka kawo mini in ɗanɗana kafin ya shiga tire.