Kafin ka kai waƙoƙinka a buga a faifan garmaho

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mawaƙi ne, na gama albam mai waƙa 12, tsawonsa minti 56, kuma an riga an yi masa gyaran ƙarshe don Spotify da Audiomack. Yanzu ina so in buga kwafi 300 a faifan garmaho a Turai, sai injiniya ya ce sai na biya kuɗin wani gyaran daban. Anya ba cuta ba ce? Kuma kamfanin ya ce in zaɓa, faifai mai gram 140 ko mai 180.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba cuta ba ce, biya shi. A faifai, sauti wani siririn layi ne da aka sassaƙa, allura na bin sa tana karkaɗawa. Abin da allura ba za ta iya bi ba, ba zai fito ba, komai kyansa a waya.

Fara da amo mai kauri, irin na babbar ganga da jitar bes. Idan ya fi ƙarfi a lasifikar hagu ko ta dama, layin yakan yi zurfi nan, ya taso sama can, har allura ta yi tsalle. Shi ya sa injiniya ke tattaro kaurin sautin ya dawo da shi tsakiya. Sai kaifin murya: "s" da "sh" da "ts", waɗanda Hausa ke cike da su. Tun 1954 ake bin ma'aunin RIAA, wato a rage kauri a ƙara kaifi lokacin sassaƙa, garmaho ya mayar da su daidai lokacin saurare. To idan "s" ɗinka da ma tana da zafi, a faifai sai ta koma kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Sautin da aka matse ya yi ƙara don waya kuwa, ba ya ƙara komai a nan. Mai sassaƙa zai rage shi ne kawai. Ka aika masa fayil ɗin sauti nau'in WAV mai bit 24 da ba a matse ba, fayil ɗaya ga kowane gefe. Kada ka kuskura ka aika MP3.

Babbar matsalarka ma ba ka tambaye ni ita ba: minti 56 ɗin nan. Faifai mai inci 12 da ke juyawa sau 33⅓ a minti, irin wanda Columbia ta fito da shi a 1948, ya fi daɗi idan kowane gefe bai wuce minti 20 zuwa 22 ba. In ka raba 56 biyu ka cusa minti 28 a kowane gefe, dole a matse layukan, sauti ya yi ƙasa, ƙasƙas ɗin faifai ya taso. Ko ka ajiye waƙa uku ko huɗu, ko ka biya kuɗin faifai biyu. Da ni ne, ajiyewa zan yi. Kuma ka sake jera su: masu zafi a farkon gefe, masu sanyi a ƙarshe, domin allura na matsowa tsakiya kaifin sauti na raguwa.

Batun gram 180 kuwa, ya fi daɗin riƙewa, shi ke nan. Layi ɗaya ake bugawa a kan duka biyun. Ɗauki mai 140, ka sa rarar a kwafin gwaji. In ya zo, ka saurare shi daga farko har ƙarshe a garmaho biyu daban kafin ka ce su buga sauran, domin bayan amincewarka babu gyara.

Tambaya: Malam, an ce in zaɓa tsakanin sassaƙa a kan laka (lacquer), wato shafen da ake yi wa farantin alminiyom, da sassaƙa a kan tagulla da suke kira DMM. Wanne ya fi? Waƙoƙina na gurmi ne da murya.

Amsa: Hajiya, kowanne zai yi. DMM, wanda Teldec da Neumann suka ƙirƙiro a Jamus, ya fi fitar da kaifi tsaf, kuma ya fi jure dogon gefe. Laka kuwa masu saurare da yawa sun fi jin taushinsa, kuma ga gurmi da murya shi zan zaɓa. Sai dai ki tambayi farashi da tsawon jira, domin tun gobarar da ta cinye masana'antar Apollo Masters a Kalifoniya a Fabrairun 2020, kamfanin MDC na Japan ne ya rage babban mai samar da farantin laka. Hannun mai sassaƙa ya fi nau'in farantin tasiri, don haka ki nemi a ba ki wani faifai da ya taɓa yi, ki saurara tukuna.