Tambaya da Amsa: Ga kalmar a shafi amma sikirif ɗina ko uffan

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Na nemi aiki a wata ma'aikata, suka ce za su saka sunayen waɗanda suka tsallake a shafinsu, na gaji da buɗewa kullum data na ƙarewa, shi ne na rubuta ɗan sikirif (ƙaramar manhaja) na Python da requests (kayan aikin Python mai ɗauko shafukan intanet) yana leƙa shafin, in ya ga "shortlisted" ya turo min saƙo ta Telegram. Jiya abokina ya kira ni wai an saka tun shekaranjiya, na buɗe da Chrome ga kalmar nan ɓaro-ɓaro amma sikirif bai ce komai ba. Ina matsalar take?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa sunanka na ciki. Kafin ka taɓa komai, sa sikirif ɗin ya ajiye abin da ya samo a cikin fayil, ka buɗe ka nemi kalmar da idonka. Domin abin da Chrome ke nuna maka daban, abin da requests ke ɗaukowa daban.

Ni na fi zargin JavaScript, wato yaren shirye-shiryen da ke aiki a cikin burauza. Shafuka da yawa yanzu kwanon banza suke fara turowa, sai burauza ta kunna JavaScript ta je ta ɗebo rubutun ta zuba, shi kuwa requests baya kunna komai, abin da aka miƙo masa da farko shi zai karɓa ya dawo. Gwadawa ba wuya, a kwamfuta danna Ctrl+U ka ga asalin HTML ɗin, wato lambobin shafin kamar yadda aka fara turo su, sai Ctrl+F ka nemi kalmar. In babu ita a nan to ka kama ɓarawon. Sai ka danna F12 ka shiga Network ka zaɓi Fetch/XHR ka sake loda shafin, sau da yawa za ka ga wani adireshi yana dawo da JSON (tsararrun bayanai zalla) mai ɗauke da sanarwar, to shi za ka ba sikirif ɗin kai tsaye, ya fi sauƙi kuma baya cin data sosai. In ka rasa shi ne kawai zan ce ka koma Playwright ko Selenium, su suna buɗe burauza ta gaske amma fa suna da nauyi.

In kuma kalmar na cikin HTML ɗin, duba status_code, wato lambar amsar da shafin ya ba sikirif ɗin. 200 lafiya lau, 403 an hana ka shiga, 429 ka cika ƙwanƙwasa musu ƙofa. Shafin "an hana ka" ai babu "shortlisted" a ciki, sikirif zai karanta ya yi shiru kamar komai daidai ne. Saka raise_for_status() don ya yi ƙorafi in lambar ta kuskure ce, da timeout don kada ya yi ta jira, ka gyara User-Agent (sunan da sikirif ke gabatar da kansa da shi ga shafi), kuma don Allah ka rage yawan leƙen, duk minti 30 ya isa, ba kai kaɗai ke jiran shafin nan ba.

Sai ƙananan abubuwa masu ban haushi. A wurin Python "Shortlisted" da "shortlisted" ba ɗaya ba ne, sa .lower() ya mayar da komai ƙananan baƙaƙe. Ni da "shortlist" kawai zan nema don ya kama duka. Wani lokaci ma sanarwar hoto ce ko PDF, wannan sai dai ka riƙa lura da sabon link. Masu neman kalmar Hausa mai ƙ ko ɗ, ku sa encoding (tsarin karanta haruffa) ya zama utf-8, don in shafi bai faɗi nasa ba requests na ɗaukarsa ISO-8859-1 haruffan su dagule.

Sannan ka tabbata ma yana aiki kuwa? Laftop in ta yi barci ko an ɗauke wuta caji ya ƙare, cron (mai tada sikirif a kan lokaci) baya tashi. In Termux ne (manhajar kunna sikirif) a waya, Android kan kashe shi don tattalin batir. Ka sa ya riƙa turo maka saƙo ɗaya kowace safiya cewa ya duba ƙarfe kaza, lamba 200, bai gani ba, kuma ka gwada shi yau da kalmar da ka san tana shafin ka ga ko Telegram ɗin zai yi ƙara.