Tseren babura a tsibirin Man: jarumtaka ce ko ganganci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo na masu babura suna sheƙa gudu a cikin gari, suna wuce gidaje da katangu kamar walƙiya, aka ce mini gasa ce da hukuma ta amince da ita. Shin gaskiya ne? Me ya sa ake barin ta alhali ana mutuwa, kuma jarumtaka za a kira wannan ko ganganci? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka gani gaskiya ne, kuma bisa ga siffar da ka bayar, gasar TT (wato Tourist Trophy) ce ta tsibirin Man, wanda ke cikin teku tsakanin Ingila da Ayalan. Tsibirin yana ƙarƙashin sarautar Birtaniya, amma majalisarsa ce ke yi masa dokoki. A lokacin da dokar Birtaniya ta hana tsere a titunan jama'a, majalisar tsibirin ta yi doka a 1904 wadda ta halatta rufe tituna domin tsere. An fara gasar babura a 1907, kuma tun 1911 ake bin hanya mai tsawon kilomita 60.7 da ke ratsa ƙauyuka ta hau dutsen Snaefell ta sauko.

Haɗarin yana cikin hanyar kanta. A filin da aka gina musamman domin tsere, ana barin sarari mai tsakuwa a bakin kowace kwana, ta yadda wanda ya faɗi zai zame har ya tsaya. A nan kuwa titin da mutane ke bi zuwa aiki da makaranta ne, gefensa katangar dutse ce, da turakun fitila, da bishiyoyi, da ƙofofin gidaje, ga tudu da kwari, ga hazo a kan dutse. A irin wannan titi ne Peter Hickman ya zagaya hanyar baki ɗaya cikin minti 16 da daƙiƙa 36 a 2023, wato matsakaicin gudun kusan kilomita 219 a awa, a miƙaƙƙun wurare kuma babura kan haura kilomita 300. Fiye da mahaya 260 sun rasu a wannan hanya tun 1911, idan aka haɗa da gasar Manx Grand Prix da ita ma ake yi a kanta. Haɗurran gasar 2022 kaɗai sun ci rayuka shida, ciki har da uba da ɗansa.

Su kansu gwanayen tsere ba su taɓa zama baki ɗaya a kan wannan batu ba. Giacomo Agostini na Italiya ya daina zuwa bayan rasuwar abokinsa Gilberto Parlotti a 1972, kuma bayan 1976 aka cire TT daga gasar cin kofin duniya. A yanzu babu wanda neman makin kofin duniya ke tilasta wa zuwa, wannan kuwa ita ce babbar hujjar masu kare gasar, ban da kuɗin da baƙi ke kawo wa tsibirin.

A ganina ba daidai ba ne a kira mahayan masu ganganci, domin mai ganganci bai san abin da ke gabansa ba, su kuwa sun haddace kwanoni fiye da 200, sun san inda titi ya kumbura da inda inuwar bishiya ke ɓoye laima. Ana sakin su ɗaya bayan ɗaya da tazarar daƙiƙa 10, kuma sau da yawa mahayi kan karkata babur kafin ya ga ƙarshen kwanar, yana dogaro da haddarsa kaɗai. Wannan ya bambanta ƙwarai da wasan babur da samari ke yi a titunanmu ranar biki, inda hanya a buɗe take, babu hular kwano, kuma mai tafiya a ƙasa bai yarda a saka rayuwarsa cikin haɗari ba.

Sai dai abin da ke damuna shi ne nauyin da iyalai ke ɗauka. Joey Dunlop na Arewacin Ayalan ya ci TT sau 26, ya rasu a wani tseren titi a Istoniya a 2000. Ƙaninsa Robert ya rasu a 2008 yana atisayen gasar tseren titi ta North West 200 a Arewacin Ayalan, kwana biyu bayan haka ɗansa Michael ya hau babur ya ci tseren da mahaifin ke shirin shiga. Wan Michael, William, shi ma ya rasu a 2018. Michael bai daina ba, kuma a 2024 ya zarce adadin nasarorin baffansa Joey.