Kyamarar kama masu gudu a wurin aikin titi: tarar da take jawowa halal ce?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina tuƙi a jihar Pensilbeniya ta Amurka, kwanaki aka aiko min takarda har gida wai kyamara ta ɗauke ni ina gudu a inda ake gyaran babban titi, in biya dala 75. Ba ɗan sandan da ya tsayar da ni, inji ne kawai. Abokaina sun ce neman kuɗi ne gwamnati take yi da kamfanin da ya kafa kyamarar, wasu ma suna shafa wani abu a lambar mota don kar ta fito a hoto. Shin wajibi ne in biya? Kuma ya halatta in rufe lambar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka biya, kuma kar ka taɓa lambar motarka. Bari in gaya maka dalili, sannan in zo kan maganar abokanka don ba duka ce ƙarya ba.

Ka fara tuna wanda ke bayan robobin nan masu ruwan lemo da ake jerawa. Mutum ne da shebur a hannu ya juya wa motoci baya, tsakaninsa da tayarka wani lokacin bai kai taku uku ba, ba ƙarfe ba bel ba komai sai riga mai ƙyalli. A Maris ɗin 2023 mota ɗaya ta kutsa wurin aiki a titin da ya zagaye birnin Baltimo ta kashe ma'aikata 6 nan take, kuma a 2022 mutum 891 suka mutu a wuraren aikin titi a Amurka, akasarinsu ma direbobi ne da fasinjojinsu, wato dokar nan kai ma kanka take tsarewa. In ka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya tana ninkuwa kusan sau huɗu, ga layi an matse shi, ga na gabanka zai iya cin birki ba zato. Allah ya ce kar ku jefa kanku cikin halaka, Baƙara aya ta 195, Annabi (SAW) kuma ya ce babu cuta babu cutarwa, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Don haka ko ba kyamara ko ba tara, gudu a irin wurin nan laifi ne a wajen Allah.

Kar kuma ka ce ai gwamnatin ba ta musulunci ba ce. Ranar da ka karɓi lasisi ka ɗauki alƙawarin bin dokar hanya, farkon Suratul Ma'ida kuwa cewa aka yi ku cika alƙawura.

Batun horo da kuɗi, gaskiya akwai saɓani tun da. Jumhur, wato mafi yawan malamai, sun hana, saboda tsoron kar azzaluman shugabanni su samu ƙofar cin dukiyar mutane, kuma wallahi tsoron nasu yana kan hanya. Amma an ruwaito halacci daga Abu Yusuf, Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun ƙarfafa shi, suna kafa hujja da hadisin Bahzu bin Hakim a kan wanda ya hana zakka, cewa za a karɓe ta da rabin dukiyarsa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Burunai a 1993 ta ce bin dokokin hanya wajibi ne kuma tara ta halatta a kan mai karya su. Wannan nake bi. Shi kuma hoton kyamara alama ce mai ƙarfi, shari'a tana aiki da alama, ka tuna rigar Annabi Yusuf da aka duba ta ina ta yage. A hukuncin ladabtarwa irin wannan ba a buƙatar shaidu biyu.

To sai maganar abokanka. Ƙa'ida ita ce duk abin da shugaba zai yi wa talakawa a rataye yake da maslaharsu, kuma tsarin nan yana cin kuɗin jama'a sosai, ana biyan kamfanin da ke da na'urar, ana biyan masu duba hotuna da masu sauraron ƙorafi, ga kuɗin aika takardu. In an yi kwangilar ta yadda kamfani zai samu kaso a kan kowace takarda, an lalata niyya, don a lokacin ribarsa ita ce mutane su ci gaba da gudu. Haka in aka ɓoye kyamara ba allon gargaɗi, ko aka bar ta tana ɗauka an gama aiki an kwashe kaya, ko aka daina gwada ingancinta, wannan ya koma cin dukiyar mutane da ɓarna kuma zunubin yana kan hukuma. Wani abin da ke damuna shi ne tara iri ɗaya ga kowa, dala 75 ga attajiri ba komai ba ce, ga lebura kuwa ta kusa guminsa na yini, ya kamata masu yin doka su duba wannan da tausayi.

Amma ka auna naka. A jiharku kyamarar ba ta kama mutum sai ya wuce iyaka da mil 11 a awa ko fiye, sai ma'aikata suna wurin, akwai alluna kafin a iso, karon farko gargaɗi ne ba kuɗi, na biyu dala 75, na uku 150. Kenan an riga an gargaɗe ka sau ɗaya ɗan'uwa, ban ga zalunci a nan ba.

In ba kai ke tuƙi ba a ranar, wanda ka ba aron motar shi ya kamata ya biya ka, domin wani ba ya ɗaukar laifin wani. In kana ganin na'urar ta yi kuskure ka shigar da ƙorafi ta hanyar da aka rubuta a takardar, haƙƙinka ne. Rufe lamba ko shafa mata wani abu kuwa haramun ne, yaudara ce, kuma ran da ka buge wani ka wuce iyalansa ba za su san wa za su nema ba.

Wallahu a'alam.