Abin da ya sa na ce ka sassauta E ɗin

Jiya a zauren makarantar nan ka yi mini tambaya ban amsa ba, don rana ta take, ga tsirkiyoyin fiyano fiye da 200 na jiran mu saita su. Cewa ka yi, "Maigida, na ja E ɗin nan har ta zauna daram a kan A, ko motsi ba ta yi. Don me za ka ce in sassauta ta har ta fara rawa?" Na lura da fuskarka. Ka ɗauka tsufa ne ya fara taɓa mini kunne. To, ja kujera.

Kunnenka bai yi maka ƙarya ba, yaro. Tazarar biyar ɗin da ka ɗaure, wato daga sautin A zuwa na E in ka ƙirga A, B, C, D, E, tsaf take: duk kaɗawa biyu da tsirkiyar A ta yi, ta E tana yin uku, shi ya sa suka kwanta a kan juna shiru. Da goge ne a hannunka da na ce madalla, domin mai goge yatsansa ne ma'auninsa, ya matsa gaba kaɗan, ya ja baya kaɗan, yadda waƙa ta nema. Fiyano ba shi da wannan gata. Daga C zuwa C ta gaba, tazarar da muke ce wa takwas, sauti goma sha biyu ne, fararen maɓallai bakwai, baƙaƙe biyar, kuma inda ka ɗaure kowanne nan zai kwana har ranar da ka dawo.

Ga inda gizo ke saƙar. Tashi daga C ta can ƙasa ka riƙa hawa biyar-biyar. A hawa na goma sha biyu ya kamata ka dira a kan C, wadda za ka isa da hawa bakwai in takwas-takwas kake yi. Ɗauki biro. Takwas ninki biyu ce, ka ninka sau bakwai, ka sami 128. Biyar ninki ɗaya da rabi ce, ka ninka sau goma sha biyu, ka sami 129.7 da 'yan kai. Ba su haɗu ba, kuma babu gwanin da zai haɗa su. Masu lissafi sun raba tazarar maɓalli da maƙwabcinsa gida 100, kowane gida suna ce masa santi, rarar nan kuwa santi 23 da rabi ce, kusan kwata ke nan. Ka taɓa tsayawa kan magini yana kewaye bakin rijiya da bulo? Ya zo na ƙarshe sai gurbi ya kasa. Ko dai ya farfasa wannan ɗayan ya cusa shi a karkace, ko ya koma ya ɗan sassaƙe kowane bulo. Mu na biyun muke yi, muna ciro kimanin santi biyu daga kowace biyar. Rawar da na sa ka bari, sassaƙar ce kake ji.

Mutanen zamanin da ba haka suke yi ba, kuma kada ka ce rashin sani ne. Abin da ya fi damunsu tazarar uku ce, irin C da E. Sai su matse biyar-biyar ɗin sosai don ukun ta fito garau, daɗin da fiyanonmu na yau ba ya bayarwa, don tamu ukun ta fi ta gaskiya faɗi da santi 14. Amma bashin ba ya ɓacewa. Tara shi suke yi a kan biyar guda, galibi can cikin baƙaƙen maɓallai, in ka taɓa ta sai ta yi wani kuka mai tayar da tsikar jiki. Kyarkeci suke kiranta. Makaɗi ya san unguwar da kyarkecin yake, ba ya bi ta can. Ka ga akwai ki da yawa, wato jerin sautukan da ake gina waƙa a kansu, da ake gudun kaɗawa a cikinsu. Wasu masassaƙa har raba baƙin maɓalli biyu suke yi, gaba da baya, kowane ɓari da tsirkiyarsa, don dai a kauce masa.

Yanzu bari in kai ka shekarar 1722, tsakiyar zamanin kiɗan da Turawa ke kira Barok. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya riƙe makullin ɗauri sai ya san wannan shekarar.

A wani ƙaramin gari na Jamus mai suna Köthen, Johann Sebastian Bach yana da shekara 37, shi ne shugaban makaɗan fadar Yarima Leopold tun 1717. Fadar tana bin ɗariƙar Calvin, ba ta buƙatar manyan waƙoƙin coci, saboda haka ƙarfinsa ya koma kan kiɗan kayan kiɗa zalla da koyar da yaran gida. Matarsa ta fari ta rasu a 1720, ya auri Anna Magdalena, mawaƙiyar fada, a Disambar 1721, a 1722 kuma aka buɗe mata littafin kiɗan koyo. Babban ɗansa Wilhelm Friedemann yana da nasa tun 1720. Daga irin waɗannan darussan gida ne Bach ya ɗebo wasu, ya faɗaɗa, ya ƙara sababbi, ya haɗa kundi ya rubuta 1722 a bangonsa: Das Wohltemperirte Clavier, wato kayan kiɗa mai maɓallai wanda aka yi wa kyakkyawan saiti. Sautuka goma sha biyun nan kowanne yana da ki biyu, manjo da maino, 24 ke nan. Kowane ki ya ba shi kiɗa biyu, na share fage, sannan wanda muryoyi ke shigowa ɗaya bayan ɗaya suna bin sawun juna. Ya fara daga C ya haura maɓalli-maɓalli har B, bai tsallake unguwar kyarkeci ba. A bangon ya ce ya yi shi ne don amfanin matasa masu son koyo, da nishaɗin waɗanda suka riga suka iya. Ka ga ashe don irinku aka yi.

Ba shi ya fara tunanin ba. Andreas Werckmeister, makaɗin ogan, ya fitar da littafi a 1691 kan yadda za a raba rarar har kowane ki ya kaɗu. Johann Caspar Ferdinand Fischer ya yi kundi a 1702 mai ki 20. Bach ne ya cike 24 da kiɗan da har yau duk mai koyon fiyano da gaske sai ya bi ta kansa. Kuma ba a buga kundin ba sai 1801, shekara 51 bayan rasuwarsa. Kafin nan almajiransa ne ke kwafa da hannu, wannan ya ba wancan.

A nan ne nake so ka buɗe kunne, don za ka ji masu cewa Bach ne ya kawo saitin da muke yi yau. Ni ban yarda ba. Kyakkyawan saiti daban, saitin daidai-wa-daida daban. A irin na Werckmeister, wasu biyar ɗin ake matsewa, sauran a bar su tsaf. Kowane ki yana kaɗuwa, amma kowanne da ɗanɗanonsa: C a natse, masu baƙaƙen maɓallai da yawa kuma da ɗan yaji. Namu kuwa an raba asarar kai ɗaya, duk ki manjo goma sha biyun kamarsu ɗaya, na maino ma haka, tsawo ne kawai ya bambanta su. Mun sami sauƙi, mun kuma yi rashi, kuma duk wanda ya taɓa jin hafsikod, kayan kiɗa mai maɓallai da ya riga fiyano, da tsohon saiti ya san abin da nake nufi. Bach bai bar takardar da ya zayyana nasa saitin ba, masana na ta ja-in-ja a kai har gobe. Abin da Forkel, wanda ya rubuta tarihinsa a 1802 bayan ya ji daga bakin 'ya'yansa, ya faɗa shi ne, da kansa yake saita hafsikod ɗinsa, ba ya bar wa kowa, kuma ba ya wuce minti goma sha biyar. Kada wannan ya sa ka raina kanka. Tsirkiyar hafsikod siririya ce, ba ta da taurin tamu, ƙashin gashin tsuntsu ne ke tsinkar ta, ba guduma ke dukanta ba. Fiyanon jiya, in ka haɗa jan da tsirkiyoyinsa ke yi, ya doshi tan ashirin.

Shekarar ba ta Bach kaɗai ba ce. A Faris, Jean-Philippe Rameau ya buga littafinsa kan haɗin sautuka a 1722, inda ya nuna cewa C da E da G abu guda ne ko wanne ka sa a ƙasa, tushensu C. Duk yaron da ke danna kibod a biki yana cewa "kod ɗin C", a inuwar wannan littafin yake zaune ko bai sani ba. Shi kansa Rameau da fari saitin da bai daidaita ba yake yabo, sai a 1737 ya koma bayan daidai-wa-daida. A Florence ta Italiya kuma Bartolomeo Cristofori, wanda ya ƙirƙiro fiyano wajen 1700, yana nan yana sassaƙa. Uku ne suka rage cikin fiyanonsa, na 1720, na 1722 da na 1726, na tsakiyar yana gidan tarihin kayan kiɗa a birnin Rum. Kakan abin da muke ci da shi ke nan. A watan Yunin shekarar ne kuma Johann Kuhnau, shugaban kiɗan cocin Thomas a Leipzig, ya rasu. Don maye gurbinsa, hukumar gari ta fara neman wani makaɗi, Telemann, sai Hamburg ta ƙara masa albashi ya zauna. Suka nemi wani kuma, Graupner, ubangidansa ya hana shi tafiya. Sannan aka ba Bach a 1723, can ya zauna har ya rasu a 1750. Shi ne zaɓi na uku, ka ji.

Koma kan aikinmu. Gobe in mun je, kada ka ciro wayarka don ta auna maka sauti. Buga ƙarfen nan mai yatsu biyu a gwiwa, wanda wani mai busa ƙaho a Ingila, John Shore, ya ƙirƙiro a 1711, ka ɗauki A ta 440, wato mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ka sauko da ita takwas zuwa ta 220. Cusa roba ka kashe tsirkiyoyin gefe, ka bar ta tsakiya ita kaɗai. Ja E har ta yi shiru kamar jiya. Sannan ka kwantar da makullin baya, da tafin hannu, ba da ƙarfin kafaɗa ba, har ka ji "wau... wau... wau" sau uku cikin daƙiƙa huɗu. Ka tabbata ta ƙasa ka rage, domin in ka wuce ta sama ma rawar iri ɗaya za ka ji, kuma nan yara ke faɗawa. Ka danna maɓallin da ƙarfi sau biyu ko uku don tsirkiyar ta zauna. Daga nan ka gwada F da A na ƙasa, ya kamata su yi rawa kusan bakwai a daƙiƙa, da sauri kamar fiffiken tattabara. In ka haura uku-uku, saurin ya riƙa ƙaruwa a hankali. Duk inda ya yi tsalle, akwai bulon da ba ka sassaƙe daidai ba, ka koma ka nemo shi.

Ka kuma gaya wa shugaban makarantar a janye fiyanon daga jikin taga. Hunturu ya kusa, katakon ciki zai bushe ya saki, sauti ya zube ƙasa, su ce mu ne ba mu iya ba. Ka zo da robobin nan biyu da ka bari a aljihun rigarka.