Amsa: %util ya kai 100 a iostat, sai an ƙaro faifai?

Kana tambaya ko tsayawar %util a 100 a iostat, wato manhajar da ke nuna yawan aikin faifai, na nufin fayafayan sabarku sun gaza. A'a, kada ka kashe kuɗi tukuna. Lambar nan tana auna lokacin da faifai ke riƙe da aƙalla aiki ɗaya ne kawai, alhali SSD (faifai marar juyi) ko RAID (fayafayai da aka haɗa su yi aiki kamar guda) kan ɗauki ayyuka da dama a tare. Buga iostat -x 5 (zai riƙa ba da rahoto duk daƙiƙa biyar) sa'ad da aiki ya yi yawa, ka watsar da rahoton farko, don matsakaici ne tun kunna na'ura. Zuba ido kan r_await (jiran karatu), w_await (jiran rubutu) da aqu-sz (tsawon layin ayyuka). Faifai mai juyi 7200 a minti, in jira ya zarce milisakan 20 kuma layi na ƙara tsawo, to lallai nauyi ya yi masa yawa.

Amma in w_await kaɗai ya haura dare ɗaya, fara duba batirin katin RAID. Da ya mutu, katin zai daina tara rubutu a ma'ajiyarsa, ya riƙa jiran faifai ya kammala kowanne. Sauya batirin. Kada ka tilasta masa ci gaba da tarawa haka nan, domin wuta na ɗaukewa bayanan da ke ciki sun salwanta.