Motar hannu mai shaidar kamfani: amsar tambayar Baffa daga Gombe

Assalamu alaikum Baffa, da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya zafin Gombe.

Kun tambaya me ya sa 'yan uwa a nan Amurka suke ƙara kuɗi su sayi motar hannu wadda dila ya liƙa wa Certified a gilashi, wato shaidar an duba ta an ba ta garanti, kuma ko irinta ya kamata a ɗoro muku a jirgi. Ga mazaunin nan, sau da yawa ƙarin kuɗin yana da amfani. Ga motar da za ta sauka Legas ta kamo hanyar Gombe kuwa, tsokar abin da aka biya ba ta ƙetare teku.

Shaidar iri biyu ce, kuma nan ake fara ruɗar baƙo. Akwai ta kamfanin da ya ƙera motar, wadda dilansa kaɗai ke bayarwa: Toyota a wajen dilan Toyota, Honda a wajen dilan Honda. Akwai kuma wadda mai filin motoci yake bugawa da kansa, ba hannun kamfani a ciki, in ya rufe shago ta bi shi. Ta farkon ita muke nufi. A babban tsarin Toyota, sai motar da ba ta wuce shekara 6 ba, ba ta kuma haura mil 85,000 ba, wato kusan kilomita 137,000. Ana duba wurare 160 a jikinta, Honda kuma 182. Kada yawan ya burge ku, don har da oda da fitilu da waifa ake lissafawa. Abin da ake saye da gaske shi ne garanti. Toyota na ba da wata 12 ko mil 12,000 a kan yawancin sassan mota, sai shekara 7 ko mil 100,000 a kan inji da giya, duk wanda ya riga cika.

Sai an tambayi daga yaushe ake ƙirga shekarun. Honda tana ƙirga bakwai ɗin ne daga ranar da mai motar na farko ya saye ta sabuwa, don haka motar da aka fara hawa a 2021 garantinta zai ƙare a 2028, ko da jiya ta shigo hannun mutum. Hyundai da Kia kuma nasu daban ne: garantin shekara 10 ko mil 100,000 na inji da giya na mai saye na farko ne, in ta canza hannu sai ya koma shekara 5 ko mil 60,000, amma motar da ta bi ta tsarin shaidar kamfani ana dawo mata da goman. A irin waɗannan motoci ƙarin kuɗin ya fi ma'ana.

Abin da ke tura mutanenmu ga wannan shi ne kuɗin aiki. A Gombe kayan gyara ne ke da tsada, ladan bakanike kuwa ana daidaitawa. A nan awa ake ƙirgawa, kuma awa ɗaya a garejin dila ta haura dala 100 kafin a kawo maganar kaya. In giya ta mutu, dubban daloli ake magana, kuma ba a cika kwance ta a gyara ba, sauke ta ake a ɗora wata. Ga shi a gari irin Hustan wanda ba shi da mota kusan ba shi da aiki. Shi ya sa sabon zuwa, da matan da ke aikin dare a asibiti, da duk wanda bai san bakanike mai amana ba, muke ba su shawarar su biya ƙarin su huta. Waɗanda suka daɗe suka san kan mota sukan sayi tasu daga hannun mai ita, su biya bakanike mai zaman kansa ya ɗaga ta ya duba kafin a ƙulla ciniki.

Garantin kuma ba komai yake ɗauka ba. Taya, takalmin birki, batir da juyen mai duk na mai mota ne. Wanda bai adana rasiɗan juyen mai ba, ranar da inji ya buga za a iya ce masa sakacinsa ne. Masu Uber da tasi sai sun karanta takardar da kyau, don wasu kamfanoni suna cire motar haya daga ciki. Dila zai kuma yi ta kwaɗaita wa mutum bashi mai sauƙin ruwa a kan irin wannan mota. Da yawanmu muna gudun riba, mukan yi adashe ko mu tara mu biya lakadan, saboda haka wannan rangwamen ba ya shiga lissafinmu.

Hanyar gane ko ƙarin ya dace ba ta da wuya. A nemo motoci iri ɗaya, shekara ɗaya, masu tafiya kusan ɗaya, wasu da shaida wasu babu. Bambancin farashinsu shi ne kuɗin garantin. Sannan a duba abin da ya rage na garantin asali, don sabuwar Toyota ko Honda tana fitowa da shekara 3 ko mil 36,000 a kan yawancin sassa, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, kuma wannan yana bin motar ko ta canza hannu. Corolla mai shekara biyu tana da sauran kariya ko ba shaida. Motar Jamus mai shekara huɗu kuwa, mai tarin na'urori, ba ma son ɗan uwa ya ɗauke ta ba garanti.

To Baffa, ga inda taku ta bambanta. Garantin nan dilolin Amurka ne ke cika shi, wasu har Kanada. Da zarar mota ta hau jirgi a Baltimo ko Sabana, ba wanda ke da alhakin gyara muku ita kyauta a Najeriya. Abin da ya rage shi ne tabbacin cewa an tace ta, ba ta gwanjon inshora ba ce. Wannan kuwa ana samun sa da kuɗi kaɗan.

Kowace mota tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofarsa. A tabbata biyun sun yi daidai da ta takarda. Da ita ake ciro tarihin mota daga Carfax ko AutoCheck: hannu nawa ta bi, hatsarin da aka kai rahoto, da mil ɗin da aka rubuta duk lokacin da ta shiga gareji. In tarihi ya nuna mil 140,000 shekara biyu da suka wuce, yau kuma agogo na nuna 80,000, an juya shi. Shafin NHTSA, hukumar Amurka mai kula da kiyaye haɗurran mota, yana nuna kyauta ko kamfani ya yi kiran motar don gyaran wani lahani ba a kai ta ba. Ko da a Gombe ko Bauchi kuka ga mota a filin dillalai, ku sa yaro ya rubuta lambar a Google. In ta bi ta gwanjon Copart ko IAA, sau da yawa hotunanta na ranar gwanjo suna fitowa, a ga gabanta a murƙushe kafin mai gyaran bodi ya taɓa ta.

Motar hatsari in an gyara ta da kyau, kuma an faɗi gaskiya a farashi, ana iya zama da ita. Wadda muke roƙon ku guje wa ita ce wadda ruwa ya ci. Bayan guguwar Harvey a 2017, motoci masu ɗimbin yawa sun nutse a Hustan, kuma duk ambaliya haka take fitar da irinsu kasuwa. Ruwa yana shiga mahaɗar wayoyi ya yi ta cin su a hankali, sai bayan watanni a ga gilashi ya ƙi sauka, giya tana fizga, fitilun dashbod suna kamawa ba dalili. A ɗaga kafet a shinshina, a leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa, a ja bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai zanen laka, a ciro safaya a duba raminta. Motar jihohin arewa masu ƙanƙara kuma sai an leƙa ƙarƙashinta, don gishirin da ake zubawa a titi yana cin ƙarfe da bututun birki.

Idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska, wato airbag, ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, an kashe ta ne don ɓoye wani abu. A jona kwamfutar duba mota a ƙasan sitiyari, a kuma duba ko an goge bayanan matsala kwanan nan, don na'urar tana nuna gwaje-gwajen da ba su kammala ba.

Wajen fitarwa, kwastan na nan suna buƙatar asalin takardar mallaka awa 72 kafin a loda, kuma motar da banki ke bin bashi a kanta ba ta fita sai da izininsa. A can gida, tun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, tun 2022 kuma da lambar motar nan mai haruffa da alƙaluma 17 kwastan ke ƙiyasta kuɗin fito. Motar shaida sabuwa-sabuwa ce, fitonta ma zai yi nauyi.

Ƙarin da za a ba dila, gara a ajiye shi don ranar da ta iso. A juye man inji da irin wanda aka rubuta a murfinsa, yawancin na yanzu 0W-20 ne, ba mai kauri ba. Man giya a zuba wanda littafin motar ya ambata, musamman giyar CVT, wani nau'in giyar otomatik, wadda man da ba nata ba yake kashewa. Kada a bari bakanike ya cire tamostat da sunan zafin Arewa, ko ya fasa indomin salansa. Matatar iska a riƙa duba ta lokacin ƙurar hunturu. Taya kuma a karanta lambobi huɗun da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In ta haura shekara shida, ko ta ƙanƙara ce, a sauya ta kafin a hau titin Bauchi da tsakar rana.

Ku turo mana irin motar da kuke so da abin da kuka ware mata, a fara nema. A gaida su Inna.